Kurakuran da ake yi wajen maganin barci idan za a leƙa hanyar numfashi

Idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ana tofar da jini, ko hoton ƙirji ya nuna tabon da ba a gane ba, likita kan ce sai an zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanci ko ta baki, a leƙa har cikin huhu. Mai lanƙwasuwar nan da ake aiki da ita yau, wani likitan Japan, Shigeto Ikeda, ya ƙirƙiro ta a 1966. Mutanenmu na Zariya da ake turawa Shika ko wani babban asibiti domin wannan gwaji, maganar barci ce ta fi ɗaga musu hankali, kuma a kanta aka fi tafka kuskure.

Da yawa suna zaton sai an kwantar da mutum ɗungurungum kamar mai tiyata. Ba haka ba ne. Wani majinyacin feshin maganin kashe zafi mai suna lidoken kawai za a yi masa a hanci da maƙogwaro, wurin ya mutu, idonsa biyu. Wani a ƙara masa allurar sa gyangyaɗi ta midazolam ta jijiya, wani lokaci da ɗan fentanil, maganin kashe zafi mai ƙarfi, don tari ya lafa. Yana jin magana, yana numfashi da kansa, amma galibi ba ya tuna abin da ya faru. Cikakken barci an fi yin sa da na'urar ƙarfe mara lanƙwasa, irin wadda ake ciro gyaɗa da ita idan ta faɗa huhun yaro. Tambayi likita wanne za a yi maka, kuma me ya sa.

Kuskuren da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne na koko. An ce kada majinyaci ya ci komai, da asuba sai uwargida ta miƙo kofi: "Malam, ɗan kurɓa, ai koko ba abinci ba ne." Tausayi ne, amma yana iya jawo babbar illa. Maganin barci da feshin nan suna danne tarin da ke kare huhu, to idan amai ya taso, abin da ke ciki yana iya gangarawa huhu ya ƙona shi. Yawanci akan ce a daina abinci awa 6 kafin gwaji, ruwa zalla kuma awa 2, amma ka bi lokacin da asibitinka ya ba ka. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk abinci ne. In an riga an sha, a faɗa. Gara a ɗage ranar.

Sai ɓoye-ɓoye. Matashi yana shan taramol ko kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta shigo da maganin tarinsa da sarrafa shi a 2018, ga mahaifinsa tsaye a gefe, sai ya ce ba ya shan komai. Jikin da ya saba da waɗannan yakan ƙi jin allura, in kuma suna cikin jini suka haɗu da ita, numfashi na iya yin ƙasa ƙwarai. Ɗan'uwa, nemi ganin likita kai kaɗai ka gaya masa gaskiya. Haka sigari, sassaƙe da jiƙo, minshari mai ƙarfi, juna biyu da haƙoran roba. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin su zuba kwalayen a leda su kai tun ranar ba da lokaci, kada su tsayar da magani da ka.

Bayan an gama ma da saura. Maƙogwaro bai farfaɗo ba, 'yan dubiya sun buɗe fulas. A jira awa 1 zuwa 2, a fara da ɗan ruwa, in bai sarƙe ba sannan a ci abinci. Wanda aka yi wa allura kada ya hau babur ko mota ya tuƙa kansa zuwa Tudun Wada ko Sabon Gari don yana jin garau. Sai bayan awa 24, saboda haka a zo da ɗan rakiya. Dishewar murya da ɗan jirwayen jini a majina ba abin tsoro ba ne. Amma jini mai yawa, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama ko zazzaɓin da ya wuce kwana ɗaya, a koma asibiti nan take.