Yadda za ka zaga gidajen tarihi a babban birni ba tare da ka ɓata ranarka a layi ba

Kafin ka sayi tikitin jirgi ma, fara duba ranar da wurin da kake son gani yake rufewa. Mutane da yawa basa yin wannan, sai mutum ya isa ƙofa ya tarar a garƙame. Gidan tarihi na Louvre da ke Faris baya buɗewa ran Talata, fadar Topkapi ta Istanbul ita ma Talata take hutu, gidan tarihin Fadar Batikan kuma a rufe yake ran Lahadi sai dai Lahadin ƙarshen wata, wadda ake shiga kyauta amma fa cunkoson ranar sai wanda ya gani. In kwana 3 kawai gare ka a birni, ranar da ka rasa ta tafi kenan.

Sai maganar tikiti, kuma nan ne abubuwa suka canza sosai a 'yan shekarun nan. Da can ka je ka bi layi ka biya ka shiga, yanzu manyan wurare sun koma tikiti mai ƙayyadadden lokaci wanda ake saya ta intanet. Louvre sun taƙaita masu shiga zuwa 30,000 a rana, tsaunin Akropolis na Atina 20,000 tun 2023. Fadar Alhambra da ke Granada a ƙasar Sifen, wadda sarakunan Musulmi na Andalus suka gina, ita ce tafi tsanani, don a ɓangaren fadojin Nasrid, wato fadojin sarakunan da suka gina ta, lokacin da aka rubuta a tikitinka shi ne lokacinka, in ka makara an wuce da kai, kuma sai ka nuna fasfo a ƙofa. Tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar a lokacin hutu. To ka saya daga shafin wurin na ainihi, ka kula da kyau don shafukan 'yan kayi-na-yi su suke fara fitowa a saman Google kuma sai sun ɗora nasu. Ka ɗauki hoton tikitin ka aje a waya tun kana otal, kar ka dogara da netwok a bakin ƙofa.

Wasu biranen ma shigarsu yanzu sai da kuɗi. Birnin Benis na Italiya ya fara karɓar yuro 5 a 2024 daga masu zuwa su wuni su koma, a wasu ranakun da aka ware. Aya Sofiya ta Istanbul, wadda aka gama gininta a shekarar 537 aka kuma mayar da ita masallaci a 2020, tun farkon 2024 'yan yawon buɗe ido ta wata ƙofa daban suke shiga su hau bene bayan sun biya. Kuma duk masallaci ko coci da ake ibada a ciki ka san akwai lokacin da za a dakatar da masu kallo, a Juma'a musamman, ka sa sutura ta mutunci, ka rage murya.

Yanzu ga abin da nafi so mutane su ji. Don Allah kar ka ce sai ka ga komai. Louvre kaɗai kayan da aka baje sun kai wajen 35,000, ko kwana kake a ciki ba za ka gama ba, kuma bayan awa 2 ko 3 ƙafa ta gaji ido ya gaji, sai kaga mutum yana wuce abin da ya shekara 3,000 kamar yana wuce kanti. Ka zaɓi abu 5 ko 6 tun a gida, ka karanta labarinsu ko da kaɗan ne, kana shiga ka karɓi taswira ka nufe su kai tsaye. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda shigarsa kyauta ne, kowa rububin dutsen Rosetta yake, wanda da shi aka gano yadda ake karanta rubutun Masar ta dā, amma ka sauka ƙasa ɓangaren Afirka ka tsaya gaban allunan tagulla na masarautar Benin ta Najeriya da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Ka matso ka duba yadda maƙerin ya fitar da murjanin wuyan sarki ɗaya bayan ɗaya, da ƙananan fadawa a gefensa, da zanen furanni a jikin allon, har ramukan ƙusa na nan a kusurwa inda aka kafe su jikin ginshiƙan fada. Minti 10 a gaban allo ɗaya ya fi min ɗakuna 20 a guje. Haka a Topkapi, ɗakin da aka aje kayan amana na Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a ciki ba yankewa, ba wurin da za ka shiga da gaggawa bane.

In Alƙahira ka nufa ka lura kayan sun rarrabu. Gawarwaki 22, na fir'aunoni 18 da sarauniyoyi 4, an mayar da su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fustat tun 2021, kayan kabarin fir'auna Tutankhamun kuma suna sabon babban gidan tarihin da ke kusa da dalar Giza, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025. Wanda ya tafi tsohon gidan na dandalin Tahrir yana neman su zai sha mamaki.

Lokacin zuwa kuwa, ko dai ana buɗewa kana bakin ƙofa ko kuma ka bari sai la'asar sanda motocin masu zuwa rukuni-rukuni suka fara janyewa. Wuri babba ɗaya da safe, da yamma ka taka da ƙafa cikin tsohon gari, ya isa. Ka tanadi takalmi mai taushi, ƙaramar jaka don manya sai an aje su a ƙofa, ruwan sha, da fawa bank.

Hoto kuma, ka ɗauka amma ka kashe fitilar kyamara, a wasu wuraren kamar cocin Sistin na Fadar Batikan an hana ɗauka kwata-kwata. Ba na son wannan yayin na zuwa wuri don kawai an gan shi a TikTok, a tsaya a juya wa abin baya a yi selfi a wuce. Ɗan jagora mai lasisi yana da amfani sosai a wuri irin Alhambra ko dalar Giza, amma ku daidaita kuɗi da tsawon lokaci kafin ku fara tafiya, ka kuma nemi ya nuna maka katinsa. In kuɗin jagora ya maka yawa, yawancin manyan gidajen tarihi suna da na'urar bayani ta kunne ko manhaja ta waya, sai ka taho da iyafis ɗinka.