Kurakuran da muke yi wajen motsa jikin yaranmu da namu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne uba yana kishingiɗe yana danna waya, bakinsa kuma yana cewa "kai tashi ka je ka yi wasa". Wallahi ba ya tashi, yaro abin da ya gani a gida shi yake ɗauka. Ni ma haka nake da, sai ranar da autana ya jawo ni ƙofar gida bayan la'asar wai in tsaya masa gola, ko minti 10 ban yi ba na fara haki zufa ta jiƙa min riga, to tun daga ranar kullum sai ya zo yana jan hannuna "Baba taso mana", yanzu shi ne ma yake fitar da ni. Dan Allah in yaro ya kira ka wasa kar ka ce ka gaji ko girmanka ya wuce nan, tashi ko na minti 15 ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, babba kuma minti 150 a sati. Mu kuma fa? Boko da safe, Islamiyya da yamma, ga lesin, ga katun da daddare, makarantar da ba ta kai tafiyar minti 10 ba ma sai an tare adaidaita. In hanyar da tsaro ku taka tare, ka raka su ka dawo, kai ma ka rage wa kanka barazanar hawan jini da ciwon suga.

Wani kuma shi ne mayar da motsa jiki horo, yaro ya yi laifi a ce tsallen kwaɗo. To ya za a yi ya so abin? A nemi wani horon daban.

Wanda ya fi damuna shi ne na 'yan mata. Da ta kai shekara 10 sai a ce ta girma, ba gudu ba tsalle, alhali iyayenmu mata da gaɗa da 'yar gala-gala suka tashi. Tsakar gida ta isa ai, a saya mata igiyar tsalle, uwa ma ta ɗaure zani ta shiga layi ta yi nata ko sau 20 ne kafin a ɗora tukunyar tuwo.