Darasi na 9: Ƙara girman rubutu kafin a cike fom

Idan mutum ya haura shekara 40, idonsa yakan fara wahala da ƙananan rubutu. Shi ya sa za ku ga dattijo yana nesanta waya da fuskarsa, yana ƙanƙance ido. Ga kuma ranar Sakkwato da ke dusashe fuskar waya. Fom ɗin intanet kuwa, na neman aiki ne ko na shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba ya yafe kuskure. Lambar NIN guda 11 ce, haka BVN, haka lambar waya. Idan rubutu ya yi ƙanƙanta, 3 takan yi kama da 8, 1 kuma da 7. Lamba ɗaya ta kauce, sai a ce ba kai ba ne.

A waya, ɗora babban yatsa da manuni a kan fom ɗin, ka ware su a hankali. Rubutun zai girma. Ka matse su, ya koma yadda yake. Wasu shafukan ba sa yarda da wannan. To, sai ka shiga Settings, ka taɓa Display, ka nemi Font size, ka ja ɗigon zuwa dama. Wannan ya fi, domin gyaran yana zama har sai ka canza shi. Sunayen sukan ɗan bambanta tsakanin Tecno, Itel da Samsung.

A kwamfuta, danne Ctrl ka buga +. A Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, girman shafin zai tashi daga kashi 100 zuwa 110, 125, sannan 150. Ctrl da 0 na mayar da shi daidai.

Kada ka ji tsoro, girman rubutun a idonka kaɗai yake, ba ya taɓa bayanan da za ka tura. Amma a kula: idan shafi ya girma, gefensa yakan ɓuya. Gurbin da ke da jan tauraro, wanda dole a cike shi, yana iya shigewa dama, maɓallin Submit kuma ya gangara can ƙasa. Ka kwantar da wayar, ka ja shafin hagu da dama, ka duba kowane gurbi kafin ka tura.

Aikin aji: kowa ya ƙara girman rubutun wayarsa, ya rubuta lambar wayarsa, na kusa da shi ya karanta masa ita da ƙarfi. Banda BVN, ita ba a karanta wa kowa.