Yadda ake cin abinci a gidan abincin Indiya da Nefal ba tare da zaɓen tumun dare ba

Mutumin Katsina ko Daura yakan ci karo da gidan abincin Indiya da Nefal idan harka ta kai shi Kano ko Abuja, ko kasuwanci ya kai shi Dubai, ko kuma ya raka marar lafiya asibiti a Delhi. Sau da yawa akan haɗa abincin ƙasashen biyu a gida ɗaya, domin Nefal maƙwabciyar Indiya ce ta arewa, tana tsakaninta da Sin a kan tsaunukan Himalaya, kuma mutanenta da yawa suna aikin girki a gidajen abincin Indiya na ƙasashen waje. Abin da yake damuna shi ne yadda namu sukan shiga, su ga sunayen da ba su sani ba, sai su nemi soyayyar shinkafa da kaza su fita, alhali rabin abin da ke cikin takardar jerin abincin yana da ɗan'uwa a madafin gidajenmu.

Kafin ka buɗe takardar jerin abinci, ka tambayi wanda ya zo karɓar saƙonka inda suke sayen nama da kuma wanda yake yanka shi. Wannan tambaya ba ta da abin kunya, kuma sun saba jin ta. Dalilinta shi ne mabiya addinin Sikh da wasu Hindu masu cin nama suna da nasu salon da ake kira jatka, inda ake sare wuyan dabba da sara ɗaya, kuma haka ake yi a wurare da yawa a Nefal. A Kano ko Makka da wuya wannan ya zama matsala, tunda daga mahautan gari ake sayo naman, amma a Delhi ko Katmandu, babban birnin Nefal, wajibi ne ka ji amsa ƙarara. Ka kuma tambaya ko ana dafa naman alade a madafin, domin wasu ƙabilun Nefal suna cinsa, kuma miyar bindalu ta yankin Gowa na Indiya da shi aka fara yin ta. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka koma ɓangaren abincin da ba nama, wanda yakan cika shafi guda, kuma ba za ka tashi da yunwa ba. Naman saniya kuwa kada ka neme shi, saboda Hindu suna girmama ta, a Nefal ma doka ta hana yanka ta. Jan naman da suke ci na akuya ne ko na ɓaunar ruwa.

Wanda ya zo karon farko, shawarata gare shi ita ce ya nemi dal bat a kan babban tire da suke kira tali. Wannan shi ne tuwon gidan mutanen Nefal, wanda da yawansu suke ci safe da dare. Bat ita ce dafaffiyar shinkafa fara, dal kuwa romo ne na ƙaramin waken nan da Larabawa suke kira adas, an dafa shi da kurkum da tafarnuwa da citta, an zuba masa man shanu mai zafi. A gefe za a jera ƙananan kwanoni: ganye, dankali ko kubewa da aka soya da kayan ƙamshi, da wani haɗi mai tsami da yaji da ake kira acar, wanda ake ɗan lakata kaɗan kaɗan. Ana zuba dal a kan shinkafa, a cakuɗa da hannun dama, a kai baki. A Nefal al'ada ce a yi ta ƙara maka shinkafa da dal har ka ce ya isa ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma a wasu ƙasashe ka tambaya kafin ka miƙa tire.

Na taɓa kai kawuna, dattijo mutumin Daura, irin wannan gida bayan an sallame shi daga asibiti, ya zauna yana duban takardar ba tare da sha'awa ba. Na roƙi a kawo masa dido, na ce, “Kawu, ga tuwonsu, a taɓa a ji.” Dido tuƙi ne na garin tamba ko masara, ana tuƙa shi da muciya a tafasasshen ruwa, a ci da hannu ana tsomawa a miya. Aka haɗo masa da miyar gunduruk, wato ganyen da aka bari ya yi tsami sannan aka shanya, ɗanɗanonsa yana kusa da busasshiyar yakuwa. Ya ci loma uku, ya ɗago ya ce, “Ɗana, ashe su ma talakawan gona ne irinmu.” Ba kowane gida ne yake yin dido ba, amma idan ka gan shi a takarda kuma kana tare da babba wanda cikinsa bai saba da baƙon abinci ba, shi za ka fara nema.

Momo shi ne abin da gidajen Nefal suka fi alfahari da shi. Ƙullun fulawa ne da ake murzawa ya yi falan-falan, a naɗe niƙaƙƙen nama ko kabeji da albasa a ciki, a turara a madambaci, yawanci guda 10 a faranti. Ka ci shi da zafinsa, ka ɗan ciji gefe tukuna domin akwai romo a ciki mai ƙona baki, sannan ka tsoma a miyar tumatir da riɗi da ke tare da shi. Idan ka ji harshenka ya ɗan yi sanyi kamar ya mutu, kada ka tsorata, aikin timur ne, wani ɗan itace da yake dangin fasaƙwarinmu. Sekuwa gasasshen nama ne kamar tsire, sukuti kuma busasshen nama ne da zai tuna maka da kilishi, sai dai babu tunkuza a jikinsa.

A ɓangaren Indiya, abin da ya fi dacewa da bakinmu shi ne duk abin da ya fito daga tandur, wato tanderun yumɓu irin wanda ake gasa gurasa a cikinsa. Gurasarsu sunanta “nan”, ana manna ta a jikin tanderun, kuma da ita ake ɗibar miya maimakon cokali. Kazar tanduri ana jiƙa ta a kindirmo da kayan yaji kafin a gasa. Miyar korma mai sauƙi ce, da madara da niƙaƙƙiyar yazawa, don haka ta dace da yara, amma wanda gyaɗa ko yazawa take tayar wa da ƙaiƙayi ya faɗa tun da wuri. Bindalu tana da zafin barkono sosai. Biriyani shinkafar basmati ce da aka turara tare da nama, kuma ita kaɗai ta isa abinci, ba ta buƙatar wata miya sai raita, kindirmo da kokwamba, wanda yake kashe zafin yaji fiye da ruwa. Za a tambaye ka yawan yajin da kake so, kuma ko da ka saba da attaruhu, ka ce matsakaici, domin nasu yaji tarin kayan ƙamshi ne da suke nauyi a ciki: kanumfari, kirfa, hulba, citta da barkono a tukunya ɗaya.

Kada kowa ya nemi nasa shi kaɗai. Idan ku huɗu ne, faranti biyu na momo, miyar nama ɗaya, miyar ganye da cukun da suke kira panir ɗaya, dal ɗaya, gurasa huɗu da biriyani ɗaya sun wadatar, a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba a farantinsa. A nan ne al'adarmu ta bambanta da tasu. Mu mun saba haɗa hannu a kwano ɗaya, su kuwa abin da hannun mai ci ko bakinsa ya taɓa sunansa juto, ba a mayar da shi cikin na jama'a, ba a kuma miƙa wa wani. Saboda haka ka ɗiba da cokalin da aka sa a kwanon, musamman idan ɗan ƙasar ne ya gayyace ka. Ɗan kwanon ruwan ɗumi da yankin lemun tsami da ake kawowa a ƙarshe na wanke yatsu ne.

Abin sha mafi aminci shi ne lasi, kindirmo da aka kaɗa da sukari ko gishiri ko mangwaro, sai shayin madara mai citta da suke kira cai. Raksi da tongba da cang duk giya ce ta gargajiyar Nefal, ka lura da sunayen domin ba kullum ake bayyana su ba. Gulab jamun ƙwallon madara ne da aka soya aka jiƙa a ruwan sukari, mai ciwon suga ya bar shi. Idan takardar kuɗi ta zo, ka duba ta da kyau, domin a Najeriya akan ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100, wasu gidajen kuma suna ƙara ladan hidima. In ba su ƙara ba, ka ba wanda ya yi muku hidima tukwici a hannunsa, sannan ka ce a ƙunshe muku ragowar biriyani, wadda take ɗumamuwa da kyau washegari idan an yayyafa mata ruwa kaɗan an rufe tukunya.