Keken ɗinki na da in ya ƙage, ga yadda ake kwance shi ba tare da an karya komai ba

Kwanaki gwaggona ta Kofar Marusa ta aiko a kira ni, wai kekenta na ɗinki ya ƙi motsi, Singer ne baƙi mai zanen ruwan gwal tun na kayan ɗakinta. Ya fi shekara goma a ƙuryar ɗaki an rufe shi da tsohon zane an ɗora akwati a kai. Ina shiga ta ce mani, ɗana duba mani wanga abu, yara sun ce in sayar wa 'yan gwangwan. Na ce Gwaggo don Allah kar ki soma, irin wannan ƙarfen ba ya mutuwa haka nan. Kuma gaskiyata ce, yawancin kekunan da ake cewa sun mutu ba abin da ya karye a cikinsu, tsohon mai ne ya bushe ya daskare kamar ƙaro, ga ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da shi, damina ta zo ta ƙara da tsatsa. In kuma an taɓa zuba mashi man gyaɗa ko baƙin mai, wanda mutane na yi sosai, toh shi ke nan ya riƙe.

Ka fara da cire bel ɗin. Taka fedar ka gani, sannan ka juya wilin hannu shi kaɗai, nan za ka gane ko ƙafar ce ta cije ko kan keken. In mai mota ne na lantarki zare shi daga soket tukuna. Cire allura, cire ƙoshiya da kwarkwaro, kwance farantin da ke ƙarƙashin allura ka duba haƙoran da ke jan yadi. Sau da yawa ɗan guntun zare ne kawai ya maƙale a gidan ƙoshiya inda ƙarfen nan mai kamar jinjirin wata ke kai da komo, sili ɗaya ya isa ya tsayar da keke cak. Buɗe wurin ka zaro shi, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu, zai taimake ka wajen mayarwa.

In ba zare ba ne sai a koma ga kananzir. Buɗe murfin fuska na gefen hagu inda sandar allura take, akwai wani ɗan murfi a baya shi ma ka buɗe, sannan ka kwantar da kan keken baya ka ga cikinsa ta ƙasa. Duk inda ƙarfe ke goga ɗan uwansa ɗiga mashi kananzir, da ƙananan ramukan mai na sama, sirinji ya fi daɗin aiki. Sai ka bar shi ya kwana. Nan ne mutane ke kasa haƙuri wallahi, ana zubawa ana so ya juya a take, alhali abin da ya shekara goma yana bushewa ba zai saki cikin minti biyar ba. Washegari ka kama wilin da hannu ka ɗan girgiza gaba da baya a hankali, ko motsin ƙwayar gero ka ji an samu sa'a, ƙara ɗigawa ka sake girgizawa. Na gwaggo kwana huɗu ya ɗauka, rana ta uku sai ga wani jan ruwa mai kauri kamar shayin da ya daɗe a buta yana gangarowa daga sandar allura, ashe nan ne ya riƙe.

Zafi ma yana taimakawa don yana tausasa tsohon man. Mu nan Katsina rana ba sai an saya ba, fitar da kan keken tsakar gida da hantsi ka rufe shi da ƙyalle ya ɗau ɗumi, ko ka yi amfani da draya ta gashi. Amma ban da wuta, ban da kusa da murhu ko risho tunda ka riga ka jiƙa shi da kananzir.

Abin da nake roƙon kowa shi ne kar a sa guduma, kar a kama wili ko sandar allura da filaya ana murɗawa da ƙarfi. Jikin keken ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Sandar allura kuma in ta ɗan karkace ɗinki ya lalace ke nan. Haka ƙusoshin, Singer da irin nasu ƙusoshin na daban suka yi amfani, in ka cinye kan guda ɗaya ba za ka shiga shagon kayan gini ka samu madadinta ba sai dai a ciro daga wani mataccen keke. Don haka nemi sukudireba da bakinta ya cika tsagar daidai, kankare dattin tsagar tukuna, danna da kyau sannan ka juya hagu. In ta ƙi, kananzir da jira.

Wani wurin da ke yawan cijewa shi ne ɗan ƙaramin wilin da ke tsakiyar babban, wanda ake sassautawa in za a naɗa zare a kwarkwaro. Riƙe babban da hannun hagu ka juyo ƙaramin ta wajenka. In za ka cire shi gaba ɗaya akwai 'yar ƙusa a jikinsa, bayan shi kuma akwai wani zobe mai kunnuwa, lura da yadda ya zauna don in ka mayar da shi a juye allura ba za ta daina motsi ba lokacin naɗin zare.

Ka kiyayi fentin da zanen gwal ɗin nan, sifirit da tina suna cinye shi nan take, man keke a auduga ya isa gogewa. Na gwaggo akwai harafin K bayan lambar samfurinsa, alamar a masana'antar Singer ta Clydebank a Sikotilan aka ƙera shi, wadda aka rufe tun 1980. Butterfly na Chana da ya cika shagunan telolinmu kusan tsarinsa ɗaya da Singer samfuri mai lamba 15, duk wannan bayanin ya hau kansa.

Da zarar ya fara juyawa ka yi ta juya shi ta wajenka ba allura, kana goge dattin da ke fita. Kananzir wanki kawai yake yi, ba ya zama mai, don haka bayan ya tsane sai ka bi kowane rami da gaɓa da man keke na asali, farin nan mai ruwa-ruwa da ake samu wurin masu kayan teloli a babbar kasuwa, ɗigo ɗaya ɗaya. Mayar da bel, in ya saki ka yanke kaɗan ka sake haɗawa, sa sabuwar allura, sannan ka fara gwaji a tsumma har man ya daina fitowa a zare kafin ka ɗora shaddar mutane.