Kurakuran da muke yi wa yara ranar tashi daga gida

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ya san yadda ranar kwashe kaya take: ƙofa a wangale, 'yan dako na shiga suna fita, maigida na ciniki da mai mota, uwargida na ƙirga tukwane. A cikin wannan hayaniya kowa na zaton yaro yana hannun wani, alhali ba ya hannun kowa. Wannan kuskuren ya fi duk sauran tsorata ni, domin direban da ke ja da baya ba ya ganin ɗan shekara biyu da ya tsuguna bayan taya. A ware babban mutum ɗaya, a faɗa masa ƙarara: "Gwaggo, yau ba ki da aiki sai yaran nan." Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara tara wannan nauyi, ita ma kallon mota za ta tsaya yi. In da hali, a kai su gidan kaka tun da safe, a ɗauko su bayan la'asar.

Abubuwan da muka saba ɓoyewa a saman kabad duk ƙasa suke saukowa a ranar. Magungunan manya, reza, maganin ɓera, da kananzir ko fetur ɗin zuwa-zuwa, wato na bakin titi, da aka zuba a gorar lemo. Yaro mai jin ƙishirwa gora kawai yake gani. A haɗa irin waɗannan a akwati ɗaya mai makulli, shi za a fara fitarwa. In kuma tsautsayi ya sa yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai ne ke kai man cikin huhu. A ɗauke shi da gorar a tafi asibiti nan take, ko da ya ci gaba da wasa.

Sai sabon gidan. Muna duba fenti da yawan ɗakuna, mu manta da abin da ke daidai tsayin yaro. Kwana ɗaya kafin a shigo, a je a durƙusa a zagaya tsakar gida. Rijiya tana da murfi mai nauyi? Bakin masai bai yi faɗi ba? Akwai wayar lantarki da ta fito tsirara daga bango? Gidan da ya daɗe a rufe maɓoyar kunama ne, kuma waɗanda suka tashi sukan bar maganin ɓera a lungu. Bokiti da bahon ruwa ma a riƙa kifar da su, ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe.

Gidan sauro kuwa kullum yana ƙasan buhun da ba a san inda aka ajiye ba, sai a ce "gobe ma ɗaura". Da damina, dare ɗaya ya ishi sauro. A sa shi a jakar hannu tare da ƙusa da igiya, da kayan sawa na kwana biyu, da kofin yaro, da katin rigakafi da takardar haihuwa. Katin nan kada a yi wasa da shi. Tun watan Janairun 2024 Kamaru ta shigar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin na yara, kuma sau huɗu ake yi. Wanda ya canza unguwa ya kai katin asibitin da ke kusa a makon farko, a ci gaba daga inda aka tsaya.

In tafiyar mai nisa ce, kamar Garwa zuwa Marwa, mai kusan kilomita 200, a tashi da asuba. A watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40. Kada a ɗora yara a saman kaya, kada a bar su cikin mota a rufe ko na minti biyar ne.

Akwai kuskuren da ba ya barin rauni a jiki, shi ya sa muke raina shi: ba ma gaya wa yaro komai. Ya tashi ya ga ana kwance gadonsa, maƙwabciyar da ke ba shi ƙosai ta ɓace, abokansa babu. Sai ya koma fitsarin kwance, ko ƙiwa, ko kukan dare, mu ce rigima ce, mu ɗauki bulala. Tsoro ne ke damunsa. A gaya masa tun saura mako guda, a kai shi ya ga gidan, a nuna masa inda tabarmarsa za ta kasance. A bar shi ya yi sallama da malamin allo da abokan wasa, ya riƙe 'yartsanarsa ko motar langa-langarsa a hannu, komai tsufanta. Ina roƙon iyaye mata kada su haɗa yaye da tashi. Rabuwa da nono da rabuwa da gida a wata ɗaya sun yi wa ƙaramar zuciya yawa, a jinkirta ɗaya.

Wanda ya haye gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Injamena zai tarar yaran unguwa na Larabci, a Marwa kuma Fillanci ne a bakin titi, don haka yaron da ya ɓace ba lallai ya iya bayani ba. Washegarin tarewa a riƙe hannunsa a shiga gidajen maƙwabta a gaisa, a nuna shi ga mai kanti da mai unguwa, a koya masa sunan babansa da na sabuwar unguwar, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu har sai ya san ƙofar gida.