Yadda Ake Gano Ko Tururin Fetur Ne Ya Kunna Fitilar Cek Injin

Mota tana tafiya sumul, ba ta shan mai fiye da yadda ta saba, ba ta zafi, amma ga fitilar cek injin a kunne. In haka ta faru, musamman a motocin da aka shigo da su daga Amurka irin su Camry, Corolla da Accord, abu na farko da za a zarga shi ne hanyar tururin fetur, wadda za ka ga na'urar bincike ta rubuta da EVAP.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Fetur a cikin tanki kullum yana tururi, balle a zafin watan Afrilu. Ba a barin tururin ya fita waje, sai a tura shi ta tiyo zuwa wani gwangwani cike da gawayi da ke kusa da tanki, gawayin ya riƙe shi. In injin ya ɗauki zafi, kwamfutar motar ta buɗe wani bawul da ke gaba, injin ya zuƙe tururin ya ƙone shi. Akwai bawul na biyu a baya, jikin gwangwanin, wanda ke shigar da iska daga waje. Lokaci zuwa lokaci kwamfutar takan rufe hanyar gaba ɗaya ta auna ko akwai yoyo. Ta samu, sai ta kunna fitila.

Kafin komai, dubi fitilar da kyau. In tana ƙyaftawa ne, ba tururi ba ne, injin ne ke tsallake wuta, kuma ci gaba da tuƙi zai ƙona abin tace hayaƙi da ke jikin salansa. Faka motar ka kira makanike. In kuwa a tsaye take, ba gaggawa, kana iya bin matakan nan a natse.

Karanta lambar matsalar tukuna

Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar bincike, ko babba ta masu gyara, ko ƙaramar ELM327 da ke magana da waya ta Bluetooth. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka karanta, ka rubuta lambar a takarda. Kada ka bari a goge ta tukuna. Wasu masu kwamfuta da sun jona sai su danna gogewa su karɓi kuɗinsu, bayan kwana biyu fitila ta dawo.

P0455 na nufin babban yoyo, P0442 ƙarami mai faɗin kusan milimita 1, P0456 kuma ɗan mitsitsi, rabin milimita. P0457 murfin tanki take nufi kai tsaye. P0441 tana cewa tururin ba ya tafiya injin yadda ya dace, P0443 wayarin bawul ɗin gaba ne, P0446 da P0449 ɓangaren bawul ɗin baya. P0440 ba ta faɗi komai ba sai dai cewa akwai matsala a hanyar. Lambar tana nuna maka unguwa ne kawai, gano gidan aikinka ne.

Murfin tanki

A nan ake farawa, don shi ne mafi arha kuma shi ne ya fi yawan laifi. Cire shi ka juya cikinsa. Za ka ga wata baƙar roba zagaye da shi. Matsa ta da farce. In ta bushe ta yi tauri, ko ta tsattsage, ko ƙasa ta daskare a kanta, ba za ta riƙe iska ba. Duba bakin tankin ma, ko ya yi tsatsa ko ya lotsa. Goge duka biyun da tsumma mai tsabta, ka mayar, ka murɗa har sai ka ji ya yi ƙas. Ma'aikatan gidan mai da yawa ɗora shi kawai suke yi saboda layi. In za ka sayi sabo, nemi na ainihin motar, domin na gefen titi yakan shiga daidai amma bai toshewa.

Bawul ɗin gaba

Buɗe bonet ka nemi ɗan ƙaramin abu mai tiyo biyu da soket na waya, kusa da inda injin ke shan iska. Ƙa'idarsa, in babu wuta a jikinsa a rufe yake ruf. Kashe motar, cire shi, ka goge bakinsa, ka busa ta gefe ɗaya. In iska ta wuce, ya maƙale a buɗe, sai canji. In ba ta wuce ba, mai wayarin ya ba shi wutar batir, ya kamata a ji ya yi ƙas ya buɗe.

Akwai alamar da ke tona asirin wannan bawul tun ba a taɓa shi ba: motar da kullum take tashi da bugu ɗaya, amma da an sha mai sai ta yi ta gardama a gidan mai kafin ta kama, ko silo (tafiyar injin lokacin da mota ke tsaye) ya riƙa rawa. Tururin da sabon mai ya koro ne ya bi ta bawul ɗin ya cika injin.

Bayan mota

Nan ne ƙasarmu ke shigowa cikin maganar. Bawul ɗin baya a buɗe yake zaune yana shaƙar iska a ƙarƙashin mota, kuma ƙurar hunturu da hanyoyin da ba kwalta sukan toshe shi ko su hana shi rufewa. Alamarsa, famfon gidan mai ya riƙa katsewa tun tanki bai kai ko'ina ba.

Sai ɗabi'ar nan ta cika tanki har wuya, famfo ya tsaya a ce ƙara, har a jijjiga mota don ta karɓi wata lita. Shi gawayin, tururi aka yi shi ya sha, ba ruwan fetur ba. In fetur ya gangara cikinsa ya jiƙe, ya farfashe, ƙwayoyinsa su bi tiyo su maƙale a bawul ɗin gaba. Ka ciro tiyo ka ga baƙin tsaki ya zubo a tafin hannunka, to gwangwanin ya gama aiki. Canza bawul kaɗai a nan asarar kuɗi ce, sabon ma zai toshe.

Tunda an ɗaga motar, bi tiyoyin da hannu daga tanki zuwa gaba, kana lanƙwasa su kana neman tsagewa, musamman a mahaɗa. In an taɓa sauke tanki don canza famfon fetur, tambayi ko an mayar da robar bakinsa daidai. Ba sigari, ba ashana a wurin, da tocila ake dubawa.

In duk wannan bai nuna komai ba, kuma lambar P0442 ce ko P0456, ido ba zai gani ba. Nemi mai na'urar hayaƙi. Yakan rufe bawul ɗin baya, ya hura hayaƙi a hankali cikin hanyar, inda ya ɓullo nan ne ramin. Kada ka yarda a hura da iskar falkanaiza, ƙarfinta zai lalata na'urar auna matsi ta tanki.

Bayan gyara

Yanzu ne za a goge lambar. Rashin fitila a ranar ba hujja ba ce, domin kwamfutar ba ta gwaji sai fetur yana tsakanin kusan kashi 15 zuwa 85 na tanki, kuma galibi bayan motar ta huce. Toyota da yawa sai kimanin awa 5 da kashe injin suke yin nasu, shi ya sa wani lokaci za ka ji ɗan gurnani a ƙarƙashin mota cikin dare. Bar fetur a wajen rabi, ka yi zirga-zirgarka na mako guda, sannan a sake jona na'ura a duba ko gwajin EVAP ya nuna ya kammala. In ba a goge ba ma, fitilar kan mutu da kanta bayan motar ta ci gwajin sau 3 a jere.